3.4 Dodon Fim a Matsayin Madubin Firgicin Al'umma

A wannan sashe za a duba yadda finafinan dodanni suke ɗauke da tabon da bala'i ya bari a zukatan jama'a, musamman bayan harin ta'addanci na ranar 11 ga Satumba, 2001, wanda ya hallaka mutane kusan 3,000 a Amurka.

Wannan salo ya girmi harin da shekaru masu yawa. A shekarar 1954 Ishiro Honda ya shirya fim ɗin Gojira a Japan, wato shekara 9 bayan jefa bama-baman nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. An bayyana mafarin dodon wannan fim, domin gwajin bam ne ya tayar da shi daga ƙarƙashin teku, kuma a ƙarshe wani masanin kimiyya ya kashe shi. Ke nan Japanawa sun san abin da ya cuce su, sai suka ba shi siffa.

Al'amarin Amurka ya sha bamban, saboda harin ya auka musu ne ba zato ba tsammani, kuma da yawansu ta talabijin suka gan shi. A fim ɗin War of the Worlds na Steven Spielberg (2005), an nuna tauraron fim ɗin, Tom Cruise, ya koma gida toka ta rufe shi, 'yarsa kuwa tana tambaya ko 'yan ta'adda ne. Haka kuma an nuna allunan da aka liƙa wa hotunan waɗanda suka ɓace, tamkar yadda aka yi a birnin Niyok.

Fim ɗin Cloverfield na Matt Reeves (2008) ya ƙara matsowa kusa da ranar. An tsara shi kamar wani saurayi ne ya ɗauka da kyamarar hannu yana gudun ceton rai. Dodo ya fille kan Mutum-mutumin 'Yanci, bene ya rushe, ƙura ta turnuƙe titi, jama'a suka fake a cikin shago. Har fim ɗin ya ƙare ba a faɗi inda dodon ya fito ba.

Idan aka lura, siffar dodon takan bi siffar raunin da aka yi wa al'umma. Gojira ya zo da dalili da magani. Shi kuwa dodon Cloverfield ya bar mai kallo da tambayar da Amurkawa suka wayi gari da ita a 2001: wane ne wannan, kuma me aka yi masa?