Daga Tauraron Ɗan Adam Zuwa Majalisar Dattawa: Tarihin Farfesa Boroffice Da Darasinsa Ga Mutanen Kabi

Gabatarwa

Tun kafin zuwan Bature manomin ƙasar Kabi yana da harka da sararin samaniya. Dattawa kan dubi Kaza Da 'Ya'yanta su san matsowar damina, su dubi Gamzaki su san asuba ta gabato, malamai kuma suna da lissafin taurari, kowane tauraro da kwanakinsa na ruwa ko na ɗari. Abin da zamani ya zo da shi shi ne a harba na'ura can sama, ita kuma ta dubo ƙasa ta gaya mana halin da gonakinmu da gulabenmu suke ciki. Wannan maƙala za ta bi tarihin mutumin da ya jagoranci Nijeriya zuwa wannan fage, Farfesa Robert Ajayi Boroffice, wanda daga baya ya shiga siyasa ya yi shekara 12 yana sanata. Ba ɗan Kabi ba ne, amma duk mai gona a fadamar Rima yana da rabo a cikin labarinsa.

Malami Da Hukumarsa

An haifi Boroffice a 1949 a garin Oka-Akoko na Jihar Ondo ta yanzu. Ya yi digirin farko a Jami'ar Ibadan, sannan ya tafi Jami'ar Newcastle ta Ingila inda ya sami digirin digirgir a 1975 kan ilimin ƙwayoyin halittar da ɗa ke gado daga iyayensa. Ya koyar a Ibadan, daga nan ya koma Jami'ar Jihar Legas inda ya zama farfesan kimiyyar dabbobi. Mai karatu zai lura cewa babu roka ko tauraro a cikin wannan karatu. Gwanintarsa ta kafa hukuma da iya shawo kan masu mulki ita ce ta kai shi can. A 1999 gwamnati ta kafa Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, wadda ake kira NASRDA a taƙaice, ya zama shugabanta na farko, ya kuma riƙe ta kusan shekara goma.

A ranar 27 ga Satumba, 2003, aka harba tauraron Nijeriya na farko, NigeriaSat-1, daga sansanin Plesetsk na ƙasar Rasha. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi a kan kimanin dala miliyan 13, injiniyoyin Nijeriya kuma suka koyi aikin a wurinsu. Ca aka yi wa gwamnati a lokacin, ana cewa ƙasar da ba ta da wutar lantarki da ruwan sha me ya kai ta sama. Shi dai tauraron, kowane ɗigo na hotonsa daidai yake da mita 32 a ƙasa, wato ba ya ganin mutum ko kwalekwale, amma yana ganin fadamar da ruwa ya shanye, da dajin da aka sare, da inda hamada ta kawo. An yi amfani da hotunansa wajen aikin agaji bayan guguwar Katrina ta afka wa Amurka a 2005. An ɗiba masa shekara biyar, ya yi aiki har 2012.

Na biyun bai zo da sa'a ba. A watan Mayu na 2007 aka harba tauraron sadarwa NigComSat-1 daga ƙasar Sin, wanda aka ɗiba wa shekara 15, amma a Nuwamba 2008 fuka-fukansa masu zuƙo hasken rana suka lalace, ya mutu yana da wata 18. Sai a Disamba 2011 aka harba madadinsa. A watan Agustan wannan shekara ne kuma aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila. Wannan shi ne amfanin irin da aka shuka tun 2003.

Shiga Siyasa

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A zaɓen Afrilu 2011 Boroffice ya tsaya a Jam'iyyar Leba ya ci kujerar sanatan Ondo ta Arewa. Ba a jima ba ya sauya sheƙa zuwa ACN da nufin neman gwamna, jam'iyyar ta tsayar da Rotimi Akeredolu. An sake zaɓensa a 2015 da 2019 a tutar APC. Ya shugabanci kwamitin kimiyya da fasaha na Majalisar Dattawa, a 2019 kuma ya zama mataimakin shugaban masu rinjaye. A Yuni 2022 ya shiga zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, ya janye wa Bola Tinubu a filin taro, a 2023 ya bar majalisa.

Irin wannan tafiya an yi ta a wasu ƙasashe. Marc Garneau, ɗan Kanada na farko da ya je sararin samaniya a 1984, ya shugabanci hukumar ƙasarsa daga 2001, ya shiga majalisa a 2008, har ya zama minista. Mu ma nan tambayar ko malami ya shiga harkar mulki tsohuwa ce, domin Malam Abdullahi na Gwandu ya yi fama da ita, har ya rubuta Diya'ul Hukkam don shiryar da masu riƙon jama'a.

To, me shigar farfesa majalisa ta haifar? Hujjar masu goyon bayansa mai ƙarfi ce: tauraro ba ya tashi sai da kasafin kuɗi, kasafi kuwa a majalisa ake yanka shi, don haka gara a sami wanda ya san aikin a wurin yankan. Sai dai tarihi ya nuna iyakar wannan hujja. A shekaru 12 da ya yi yana sanata, hukumar da ya kafa ba ta harba wani babban tauraro mai ɗaukar hoto da zai gaji na 2011 ba, alhali shekara bakwai aka ɗiba wa NigeriaSat-2. Sanata ɗaya ne cikin 109, bangaren zartarwa ne ke sakin kuɗi, mutanen mazaɓa kuma hanya da rijiya da aikin yi suke tambaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rabon Fadamar Rima

A Satumba 2010 ruwan da ya kwararo ta madatsar Goronyo ya mamaye garuruwa da gonaki a jihohin Sakkwato da Kabi. A 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kabi, jama'a suka zuba jari a fadama, sai ga ambaliyar 2020 ta cinye shinkafa mai ɗimbin yawa a Argungu da sauran sassan jihar. Ruwan nan ba daga sama yake faɗowa a dare ɗaya ba. Yana bin gulbi ne daga Goronyo zuwa Wamakko, zuwa Argungu, zuwa Birnin Kabi, kuma tauraro yana iya nuna filayen da ya saba shanyewa da inda ya kawo. Wuyar aikin ita ce hoton ya bar kwamfuta a Abuja ya zama sanarwa da Hausa a rediyo, ya zama shawarar malamin gona, ya isa fadar hakimi da kunnen Sarkin Ruwa tun lokacin da sauran dabara, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan gada kuwa doka da kasafi ne ke gina ta, wato aikin 'yan majalisa ne, na tarayya da na jiha.

Kammalawa

Boroffice ya tabbatar da cewa ɗan Nijeriya yana iya kafa hukumar kimiyya ta tsaya da ƙafarta. Zamansa a majalisa kuma ya nuna cewa ilimin mutum ɗaya ba ya isar da amfanin kimiyya ga talaka in jama'a ba su san abin da za su nema ba. Nan ne aikinmu na marubuta ya shigo. Mu rubuta tarihin irin waɗannan mutane da harshenmu, mu ƙirƙiro kalmomin da manomi zai gane, domin ranar da ɗan takara ya zo neman ƙuri'a a bakin Matan Fada a sami mai tambayarsa me ya tanada game da gargaɗin ambaliya. Allah Ya kiyashe mu da sharrin ruwa, Ya ba mu albarkarsa, amin.