Makarantar Da Ta Samo Asali Daga Ƙofar Gidajen Talakawa

A ƙarshen ƙarni na 19, unguwannin talakawan New York sun cika maƙil da baƙi daga Turai. Ƙungiyar tsara ayyukan sadaka ta birnin, wadda aka kafa a 1882, takan tura 'yan sa-kai gida-gida su duba halin mabuƙata kafin a taimaka musu. Kyakkyawar niyya kam akwai ta, horo ne babu. Kowa da abin da ya ga dama yake auna talaucin mutane.

A 1897 Mary Richmond, sakatariyar irin wannan ƙungiya a Baltimore, ta tashi a wani taro a Toronto ta Kanada ta nemi a buɗe makarantar koyon wannan aiki. Shekara na zagayowa, ƙungiyar New York ta shirya kwas na mako 6 a lokacin zafi: a saurari lacca, a ziyarci cibiyoyin kula da mabuƙata, sannan a bi tsofaffin hannu zuwa gidajen jama'a. Daga nan Makarantar Aikin Walwalar Jama'a ta Jami'ar Columbia ta tsiro. A 1904 kwas ɗin ya koma na shekara guda ƙarƙashin Edward Devine, attajiri John S. Kennedy ya zuba dala 250,000, ba da jimawa ba kuma karatun ya zama na shekara biyu.

Abin lura shi ne, a nan aiki ya riga littafi. Wannan giɓi Abraham Flexner ya taɓo a 1915. Mutumin da rahotonsa na 1910 ya girgiza makarantun likitanci a Amurka ya faɗa wa ma'aikatan walwala a gaban idonsu cewa aikinsu bai kai matsayin sana'ar ƙwararru ba tukuna, domin mafi yawansa haɗa mabuƙaci ne da likita ko lauya. Maganar ta yi musu ciwo, amma ta zaburar da su. A 1917 Richmond ta fitar da littafinta Social Diagnosis, wanda ya tsara yadda ake tattara bayani a tantance shi kafin a yanke shawara.

Neman a ce su ma masana ne ya so ya yi yawa. A shekarun 1920 makarantar ta karkata ga ilimin halayyar ɗan Adam irin na Freud, har aka fi tonon abin da ke zuciyar talaka fiye da kuɗin hayar da ke hana shi barci. Karayar tattalin arzikin 1929 ce ta tuna musu cewa yunwa ba ciwon tunani ba ce. Gordon Hamilton, malama a makarantar (mace ce, kada sunan ya ruɗe ka), ta yi ƙoƙarin haɗa ɓangarorin biyu a littafinta na 1940, tana kallon mutum tare da yanayin da yake ciki. A wannan shekarar makarantar ta haɗe da Columbia, ta ba da digirin digirgir na farko a 1952, ta ɗauki sunan jami'ar a 1963.

A ganina, ba a ɗakin lacca ilimi da aiki suke haɗuwa ba, a teburin mai duba ɗalibi ne. Ɗaliba ta dawo daga hira da uwar da ake shirin fitarwa daga gidan haya, sai ta rubuta duk abin da aka faɗa, da abin da ita kanta ta ji a ranta. Mai duba ta ya bi layi-layi yana tambaya a gefen takarda: me ya sa kika sauya zance da ta fara kuka? Wane darasi kika dogara da shi a nan?

Yau hukumar da ke tantance waɗannan makarantu a Amurka ba ta amincewa da digiri na biyu sai ɗalibi ya yi aƙalla awa 900 a fagen aiki. Yawancin awoyin nan ba a biyan ko sisi, kuma ɗalibai, musamman 'ya'yan marasa ƙarfi, sun fara matsa lamba a riƙa biyan su.