Sankarar baki: daga zamanin yanka kaɗai zuwa na'urar gashi ta Yamai

A da, in gyambo ya fito wa dattijo a harshe ko a dasashi ya ƙi warkewa, sai a ce zafi ne, ko a ce sammu. A jiƙa sassaƙe, a shafa, har kumburi ya sauko wuya. Da yawa daga cikinsu sankara ce, wadda wasu ke kira ciwon daji.

Ko a Turai ma an daɗe ba abin yi sai yanka. Sigmund Freud, shahararren likitan Ostiriya kuma mashayin taba, an gano ciwon a bakinsa a 1923, aka yi masa aiki fiye da sau 30, ya mutu a 1939. Daga baya aka riƙa haɗa yanka da gashi da allurai, abin ya fara kyau. Yau a Amurka, in an kama ciwon tun bai bar inda ya tsiro ba, fiye da mutum 8 cikin 10 suna kai shekara 5 a raye. In ya riga ya watsu cikin jiki kuwa, wajen 4 ne.

Mu a Nijar, sai 1992 aka fara rajistar masu sankara a Yamai. Na'urar gashi kuma, wallahi, sai 2021 aka buɗe ta farko, a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, da tallafin hukumar nukiliya ta duniya. Kafin nan, mai hali ya fita waje. Ɗan Matameye ya bi ta Daura da Kano ya nemi Zariya, in akwai guzuri. Yanzu ma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ga shi gashin sai an yi makonni ana zuwa, ga masauki, ga ɗan rakiya da ya baro gonarsa.

Shi ya sa ni a ganina tashar farko ta fi ta Yamai nauyi: ranar da aka fara nuna bakin ga likita. Masu busa sigari da masu ajiye taba da kanwa a gefen kunci su suka fi shiga haɗari. Kada a rikita shi da ciwon noma mai cin fuskar yara, wanda ƙungiyar Sentinelles ke jinya a Damagaram; wancan ƙwayoyin cuta ne da tamowa.

Gyambo, ko farin tabo ko ja, da ya wuce mako 3 a baki, ko da ba ya ciwo, a kai shi asibitin Matameye a duba, a nemi takardar turawa Damagaram.