Kan Sojan Gara Shi ne Shaidarta

A unguwannin Kawo, Malali da Unguwar Rimi, da zarar gara ta taɓa rufi ko bishiyar mangwaro, sai a kira mai feshi, ba a tambayar wace gara ce. Alhali masana suna rarrabe jinsunanta ne da siffar sojojinta. Ma'aikatan kusan duk kama ɗaya gare su, tunda aikinsu ɗaya ne, tauna. Soja kuwa kowane jinsi da irin makaminsa, har ya zama bai iya ci da kansa, sai an ba shi a baki.

Fasa gefen babban suri, irin na Macrotermes bellicosus, za ka ga zago ya fito da ƙaton kai ja mai ƙyalli da muƙamuƙai kamar lauje biyu, cizonsa yakan fitar da jini. Sojoji iri biyu ne a gidan, manya da ƙanana. Na Odontotermes bai kai shi girma ba, kuma yana da haƙori guda a cikin muƙamuƙin hagu, sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa. Na Trinervitermes, mai ƙaramar jiɓa a makiyaya, ba ya cizo. Kansa ya tsuke kamar bakin buta, daga nan yake fesa wa tururuwa wani ruwa mai danƙo. Na Coptotermes kuma fari kamar madara yake fitarwa ta wata kafa a goshi.

Wannan bambanci yana da tasiri a aljihu. Trinervitermes ciyawa take tarawa, ba ruwanta da katakon gida, feshinta asara ce. Microtermes, wadda ba ta gina suri a fili, ita ce ke shiga saiwar masara da gyaɗa ta kwantar da su, sai manomi ya ɗora laifin a kan surin da yake gani.

Hanyar gane gara da sojanta tana da iyaka, domin akwai garar ƙasa da ba ta da soja sam. W. A. Sands, wanda ya yi nazarin Trinervitermes a arewacin Najeriya, ya wallafa aiki a kan irin waɗannan a 1972, kuma da fasalin hanjin ma'aikata ya rarrabe su.

Ga mai gida dai, abin yi shi ne ya tsinci sojoji kaɗan a ƙaramar kwalba, ya nuna wa malamin gona kafin ya sayi magani.