Maƙoƙo da Aikin Tayirod a Jikin Mutum

A gaban wuyan kowane mutum, ƙarƙashin maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai ɓari biyu, dama da hagu. Likitoci suna kiran ta tayirod. Nauyinta a jikin baligi kamar giram 20 ne, kuma idan lafiya lau take, ido ba ya ganin ta.

Aikinta shi ne haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, ta zuba su cikin jini. Su ne ke tsara saurin da jiki yake sarrafa abinci ya zama ƙarfi da ɗumi. Idan sun yi ƙaranci, sai kasala, jin sanyi, bushewar fata da mantuwa. Idan sun yi yawa, sai bugun zuciya, zufa, rawar hannu da rama, ko da mutum yana cin abinci sosai.

Tayirod ba ta iya wannan haɗi sai da aidin, wanda a gidan likita ake kira iyod. Kaɗan ake bukata: abin da mutum zai ci tsawon rayuwarsa bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ba. Sai dai abincin teku ne ya fi ɗauke da shi, mu kuwa a Mallawa, Dungass da Magarya nesa muke da teku.

Idan aidin ya gaza, wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke ƙasan ƙwaƙwalwa takan yi ta aika wa tayirod saƙo ta ƙara himma. Ita kuwa babu kayan aiki, sai ta yi ta girma. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo. Ba sammu ba ne, kuma tsaga ba ta maganinsa.

Maƙoƙo dai ana ganin sa. Illar da ta fi shi tana ɓoye a cikin mai juna biyu. A watannin farko, ɗan tayi da sinadarin uwarsa yake gina ƙwaƙwalwa. Idan ya rasa, yana iya tashi da tsumburewa, kurumta ko wahalar karatu, kuma gyaran wannan bayan haihuwa da wuya. Shi ya sa baligi ke bukatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki kuma 250.

Gishirin Bilma da manda suna da daɗi a miya, amma ba a zuba musu aidin. Ku nemi gishirin leda mai alamar aidin, ku adana shi a rufe, nesa da rana da laima. Wanda wuyansa ya riga ya kumbura ya je likita, domin ba kowane maƙoƙo ne rashin aidin ke kawowa ba.