Labarin Malam Abubakar Gumi, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa

Malam Abubakar ɗan Malam Mahmudu ne, Alƙalin Gummi a Lardin Sakkwato. A gaban mahaifinsa ya fara karatu, sa'an nan aka sa shi elementare a Dogondaji, daga nan sai Midil ta Sakkwato. Da ya gama, sai ya wuce Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe cikin 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, don a horar da alƙalan En'e. Malamai aka ɗauko mata daga Sudan, suna karantar da Risala da Muhtasar da Tuhfa, watau littattafan da ake hukunci da su bisa mazhabar Maliku.

Cikin 1947 ya fito, ya taɓa aikin rubutu a ɗakin shari'a na Sakkwato, kana ya koma karantarwa a Kano da Maru. Cikin 1954 aka aika da shi Bakhtar Ruda, ƙasar Sudan, neman ƙarin ilmi, cikin 1957 kuwa aka tura shi Jidda ya riƙa kula da alhazan Nijeriya.

Yana wannan hidima sha'anin shari'a ya sake a gida. Da mulkin kai ya gabato, sai Gwamnatin Arewa ta kira waɗansu masana cikin 1958, shugabansu Sayyid Muhammadu Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, su duba yadda za a shirya kotuna. Bisa shawararsu aka rubuta dokar laifuffuka guda ɗaya wadda ta hau kan kowa, ta fara aiki cikin 1960. Abin da aka bar wa littattafan fiƙihu kai tsaye shi ne zaman iyali da ma'amala. Aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, aka ba ta maganar aure da saki, da riƙon yara, da gado, da wasiyya, da kyauta, da waƙafi. Aka naɗa Malam Abubakar mataimakin shugabanta cikin 1960, cikin 1962 kuwa ya zama shugaba, watau Girandi Kadi.

Mai duban abin daga nesa ya ce an rage wa alƙali girma, tun da an daina yanke hukuncin kisa da na sata da littattafan fiƙihu. Amma abin da ya saura a hannunsa shi ne wanda ba gidan da ba ya shiga. Mutum ya mutu ya bar mata da 'ya'ya, littafi ya ba matar sumuni, in babu ɗa ya ba ta rubu'i. 'Ya guda tilo rabin dukiya ke gare ta. Sanin wannan ba wuya, wuyar ita ce rabon ya kai hannun mai shi, in wanda ya danne gonar yana da ƙarfi a gari. Amfanin kotun Kaduna ke nan: matar da aka ƙware a ƙauye tana da inda za ta kai kuka, a ɗauko littafin shari'ar da aka yi mata, a gwada shi da nassi. Saboda haka malamin kotu da ya rubuta shaida daidai, da ma'ajin da ya tsare dukiyar maraya, duk da su aka yi wannan aiki.

Cikin 1967 aka raba Arewa jihohi 6, ba a daɗe ba kuma aka karɓe kotuna daga hannun En'e, suka koma ƙarƙashin gwamnati. Malam Abubakar ya ƙara ba da ƙarfinsa ga karantarwa, yana tafsiri a Masallacin Sarkin Musulmi Bello a Kaduna, ya kuma fassara ma'anonin Alƙur'ani da Hausa. A kan wa'azinsa malamai sun yi saɓani mai tsanani. Cikin 1987 aka ba shi lambar girma ta Sarki Faisal. Ya rasu a Landan ran 11 ga Satumba, 1992, aka kawo shi Kaduna aka rufe.

Allah ya jiƙansa, ya ba masu riƙe da haƙƙin marayu ikon sauke shi, amin.