Yadda ake jarraba ɗaliban Kimiyyar Siyasa a Turanci, da inda aka bar fassara

Duk ɗalibin da ya zaɓi karanta Kimiyyar Siyasa a Jami'ar Tarayya ta Dutse sai ya ƙetare jarrabawar Turanci aƙalla sau uku kafin ya karɓi digiri: a ƙarshen sakandare, da wajen neman gurbi, da kuma a shekararsa ta farko a jami'a. Dukkansu nahawu da fahimtar karatu da rubutu suke aunawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke neman ya juya abin da ya karanta zuwa Hausa, alhali yawancin mutanen da zai yi wa aiki da ilimin nan a Jigawa da Hausa za su saurare shi.

An kafa jami'ar a 2011, cikin sababbin jami'o'in tarayya tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta buɗe a wannan shekara, wato shekara 20 bayan an cire Jigawa daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Kafin nan, yaro daga Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu mai son wannan fanni yawanci sai ya nufi Jami'ar Bayero a Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Matakai uku na jarrabawar

Matakin farko shi ne jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO. Ana neman kiredit biyar, kuma dole Turanci ya kasance cikinsu. Mafi ƙarancin sakamakon da ake karɓa shi ne C6. Wanda ya samu D7 a Turanci, ko da ya ci A1 a darasin Gwamnati, sai ya sake zama. A tsarin WAEC takardun Turanci uku ne. Akwai ta zaɓin amsa, mai tambayoyi 80 kan kalmomi da ginin jimla. Akwai ta rubutu, wadda ta fi kowacce maki, ta ƙunshi insha'i da auna fahimta da taƙaita bayani. Ta uku kan furuci ce, amma ita ma a rubuce ake amsa ta, ba a sa ɗalibi ya buɗe baki.

Na biyu shi ne jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake zaune wa, kuma Turanci ne kaɗai ya wajaba a kan kowa, ko likita mutum yake son zama ko lauya. Tambayoyinsa 60 ne, sauran darussan uku kuwa 40 kowanne, jimillar maki 400. Tun daga 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, abin da ya ƙara wa ɗan makarantar karkara wani nauyi dabam, domin yana kokawa da nahawu yana kuma kokawa da na'urar da bai saba taɓawa ba.

Na uku yana cikin jami'a. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta wajabta wa kowane sabon ɗalibi kwas na sadarwa da Turanci, wanda a manhajar da ta ƙaddamar a Disamban 2022 ake kira GST 111. Ɗalibai kan raina shi saboda ba na sashensu ba ne, sai dai wanda ya faɗi sai ya maimaita, kuma ba a yaye shi sai ya ci.

Inda ɗan Hausa ke tuntuɓe

Kurakuran da malaman Turanci suka fi gani a rubutun ɗaliban Arewa ba na rashin basira ba ne. Yawancinsu ƙa'idar Hausa ce aka ɗora wa Turanci. A Hausa ana cewa "Audu ya zo", suna da wakilinsa a jere, shi ya sa ɗalibi ke rubuta "Audu he came". Hausa da saiwa ɗaya take cewa "ara mini" da "na ari", Turanci kuwa ya raba su biyu, "lend" da "borrow", kuma daga nan "borrow me" ya samo asali. "Ya zo" ɗaya tak a Hausa na iya zama "came" ko "has come" ko "had come", gwargwadon inda ta faɗo a zance, kuma masu tsara tambayoyi sun san da wannan rami, suna kuma yawan haƙa shi.

Akwai inda Bahaushe ya fi maƙwabtansa sa'a. Harshensa ya bambanta "shi" da "ita", abin da Yarbanci da Ibo ba su yi ba, don haka ba ya cika rikita "he" da "she" idan mutane ake magana. Matsalar tana zuwa ne kan abin da ba mutum ba: gwamnati da majalisa da jam'iyya duk mata ne a Hausa, sai ka ga an rubuta "she" inda Turanci ke son "it".

Ga ɗalibin siyasa, ƙananan kalmomin da suka fi haɗari su ne "shall" da "may". A harshen doka ta farko tilas take nufi, ta biyu kuma izini. Tsarin Mulkin 1999 ya ba da misali a kan batun harshe kansa. Sashe na 55 ya yi amfani da ta farko: za a gudanar da aikin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Sashe na 97, wanda ya shafi majalisun jihohi, ya wajabta Turanci, sannan da kalma ta biyu ya bar wa majalisa zaɓin ƙara wani harshen da ake yi a jihar idan ta amince da hakan. Wato Majalisar Dokokin Jigawa mai kujeru 30 tana da damar muhawara da Hausa, amma ba dole aka yi mata ba. Wanda ya fassara kalmomin biyu da "za a" ya shafe wannan bambanci gaba ɗaya.

Lokacin da Bature ake jarrabawa

Abin ya taɓa kasancewa a juye. A zamanin mulkin mallaka jami'an Ingila da aka turo Arewa su ake sa wa jarrabawar Hausa, kuma ƙarin girmansu yana rataye da ita. A wajajen 1930 gwamnati ta kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East, kuma daga wannan gida jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa. Majalisar Jihar Arewa a Kaduna da Turanci da Hausa take aiki, da tafintoci. Ko a baya-bayan nan, a 1991, an wallafa ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu, Turanci da Hausa da Ibo da Yarbanci, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ayo Bamgbose, domin cika sharaɗin tanadin da tsarin mulki ya ambata.

A yau fassara na nan a jarrabawa, amma a gefen masu nazarin harshe. Tana cikin manhajar Hausa ta WAEC da ta JAMB, ana kuma koyar da ita a sassan harsunan Najeriya na jami'o'i. A can ake bambanta fassarar baƙi da baƙi da fassara mai 'yanci, ana ba da maki kan isar da ma'ana da bin ƙa'idojin rubutu. Ɗalibin Kimiyyar Siyasa da bai ɗauki Hausa ba yana iya gama shekara huɗu bai taɓa zama irin wannan jarrabawa ba.

Kalmomin da ke kayar da mai fassara

Kalmar farko da ake koya wa ɗalibin wannan fanni ita ce "state", kuma ita ce ta fi wuyar juyawa. A Najeriya jiha ce, kamar Jigawa. A littattafan fannin kuwa tana nufin ƙasa mai iyaka da jama'a da hukuma da diyauci, wadda ke wanzuwa ko gwamnati ta sauya. Idan aka ce "jiha" a nan an ɓata ma'ana, idan aka ce "gwamnati" an rushe bambancin da darasin ya zo koyarwa. Wasu malamai kan ce "daula", sai dai kunnen Bahaushe na jin wannan ya tuna Daular Usmaniyya ta Sakkwato.

"Ƙudiri" ma haka. Kafofin labarai kan kira "bill" da "motion" da "resolution" duk da wannan suna, alhali na farko ne kaɗai ke zama doka bayan sa hannu. Sauran biyun shawara ce da matsayar majalisa, waɗanda galibi ba sa ɗaure ɓangaren zartarwa. Ɗan kasuwar da ya ji a rediyo cewa majalisa ta zartar da ƙudiri kan haraji yana da haƙƙin sanin wanne ake nufi, domin ɗaya zai taɓa aljihunsa, ɗaya kuwa magana ce kawai.

Sai "impeachment", da aka saba fassarawa da "tsigewa". A Najeriya fassarar ta yi kusa, tunda haka ta ƙare da Balarabe Musa a Kaduna a 1981. A Amurka kuwa tuhuma ce da majalisar wakilai ke gabatarwa, majalisar dattawa ta yi shari'a. An yi wa Donald Trump sau biyu, a 2019 da 2021, kuma ba a cire shi ko sau ɗaya ba.

Wadda ta fi duka zafi ita ce "secular". Idan aka ce "ƙasar da ba ruwanta da addini", mai sauraro a Dutse zai ji kamar ana nufin ƙasar da ta juya wa addini baya. An sha wannan taƙaddama tun muhawarar Shari'a a majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978. Abin lura shi ne kalmar ba ta cikin Tsarin Mulkin 1999. Abin da sashe na 10 ya hana shi ne gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini a matsayin addinin hukuma.

Misali na kusa ya zo bayan 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Turanci ya kira abin da aka cire "subsidy", ya kira abin da aka raba don rage raɗaɗi "palliative". A Hausa duka biyun "tallafi" suka zama, har labari ɗaya kan ce an cire tallafi kuma za a raba tallafi. Editoci masu kula sukan ce "rangwamen farashi" ga na farko, "kayan rage raɗaɗi" ga na biyu.

Inda ake biyan bashin

Jarrabawar da jami'a ba ta yi ba, wurin aiki kan yi ta. Gidajen rediyo da jaridun Hausa kan miƙa wa mai neman aiki labarin Turanci ya fassara cikin ƙayyadadden lokaci. Jami'in da aka tura ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27 na jihar takardarsa da Turanci take zuwa daga Dutse, amma da Hausa zai bayyana ta ga hakimi da dagatai, wani wurin ma sai an ƙara da Fulatanci. Haka ma'aikacin wucin gadi na hukumar zaɓe, da mai wayar da kai kan kasafin kuɗi a kasuwar Shuwarin ko ta Sara. A irin wannan wuri ko "miliyan" da "biliyan", da harafi ɗaya ya raba su, sukan sa mai bayani ya maimaita adadin sau biyu, sannan ya ƙara da cewa biliyan ɗaya miliyan dubu ce.